A Yar da Wuya

Ni tela ne a Gawon Nama cikin Sakkwato, sunana Muntari, kuma na daɗe da sanin cewa abin da mutum ya ɓoye wa limaminsa da surukinsa, ba ya iya ɓoye wa igiyar awo. Abin da igiyata ta gano a jikin Gambo shi ya hana ni sakat, har na ture keken ɗinki gefe na zauna rubuta wannan.

Lokacin kuɗin mai ne. Soja na kan mulki, kullum a rediyo kira ake kowa ya koma gona, masu kuɗi kuma suka ji kiran da kunnen riba. Maƙwabcina Alhaji Tambari, wanda bai taɓa riƙe fartanya ba sai dai ya tsallake ta, ya wayi gari manomi. Ya gina gidan kaji a bayan gari, ya sayi a-kori-kura sabuwa fil, yana kai wa otal-otal figaggun kaji.

Yankan kuwa ƙanensa Gambo ya ɗora wa. Ubansu ɗaya, uwa kowa da tasa, arziki ma haka. Gambo yana zaune da matarsa Sadiyatu a wani ɗaki bayan zauren Alhaji. Dogo ne siriri kamar muciya, ga gemu baƙi wuluk, ga fara'a. Albashi babu. Alhaji ya ce ba a biyan ɗan'uwa kamar bare, amma ai al'ada tana nan: wanda ya yanka dabba, wuya nasa ne. A gidan da ake yanka rago ɗaya a shekara, wannan girmamawa ce. A gidan da ake yanka zakaru ɗari a rana, sai ta zama karin kumallo da abincin rana da tuwon dare. Kullum da hantsi zan ga Gambo ya wuce a kan kekensa, kwanon wuya ɗaure a baya. Sadiyatu ba ta cin wuya, ta ce ƙashinsa ya fi namansa yawa, don haka duk abin da ta dafa cikin mijinta yake ƙarewa.

Wata rana wani dillali ya zo daga Ikko da kwalayen wasu fararen ƙwayoyi, ƙanana kamar shinkafa. Ana cusa ɗaya a ƙarƙashin fata, bayan kan zakara, sai ya yi ta ƙiba. Rubutun kwalin Turanci ne, don haka dillalin ya bar 'yar takarda da Hausar boko. Alhaji ya kawo ta zaure ya karanta mana da kansa, yana bin layi da yatsa.

"'A yar da wuya kafin a ci.' Kun ji hikima! Sai an yar da wahala kana a ci daɗi. Turawan ga ba su salla, amma wallahi suna da magana."

To, kowa ya san a baki wuyan da ke ɗauke da kai daban yake, wuyar da ake sha daban, murya ce ke raba su. A takarda kuwa tagwaye ne. Alhaji ya zaɓi wadda ta yi masa, har ya kira mai fenti ya rubuta masa a bayan a-kori-kura da manyan baƙaƙe: A YAR DA WUYA. Muka yi masa Allah ya sanya alheri. Ni ma na yi, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Zakaru ne suka fara. Cikin 'yan makonni suka daina cara, zankonsu ya yanƙwane, suka bar bin kaji, suka koma ci da kwanciya. Alhaji ya ce tarbiyya ce irin ta ƙasar waje.

Bayan kamar wata shida sai ga Gambo a shagona da taguwarsa a hannu. Ya leƙa hagu, ya leƙa dama, sannan ya shigo.

"Muntari, so nika yi ka ɗan sake min ita wajen ƙirji."

Na ɗauko igiya. Na auna kafaɗa, tana nan yadda na san ta. Na auna ƙugu, bai ƙaru ba ko da yatsa. Da na zagaya igiyar a ƙirji sai ya daka tsalle kamar na ɗora masa garwashi.

"Yi a hankali, wurin shina ciwo!"

Inci uku ya ƙaru, kuma duk a gaba. Na dube shi, ya dubi rufin kwano. Na ce masa wataƙila igiyata ce ta tsufa. Ya ce shi ma haka yake zato. Muka rabu a kan ƙaryar nan, kowa yana gode wa kowa.

Daga nan abu ya yi ta gaba. Taguwar ta dawo sau biyu. Gemun nan da yake ji da shi ya fara sirancewa. A tsakiyar bazara, lokacin da ƙadangare ma ke neman inuwa a Sakkwato, Gambo ya fara yawo da taguwa biyu da tsohuwar kwat a sama, yana tafiya a sunkuye kamar mai neman sulen da ya ɓata. Ya daina hawan keke a hanya mai gargada. In an idar da salla ana gaisawa, ya kan miƙo hannu daga nesa. Mutumin da ke yanka zakaru ɗari ko gezau, rannan na gan shi yana share hawaye don an sanar da rasuwar wani a rediyo. Na ce ko ɗan'uwa ne? Ya ce bai ma ji sunan ba.

Duk wannan mai sauƙi ne a kan abin da ke faruwa a ɗakinsa. Shekararsu huɗu da aure Allah bai ba su haihuwa ba, amma suna zaune lafiya, suna sa rai. Yanzu sai Gambo ya daina tuɓe riga a gaban matarsa. Ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, wai yana gadin motar Alhaji. Sadiyatu ta yi kwalliya, ta yi fushi, ta yi kuka, ta koma ta sake kwalliya, duk a banza. Ta yanke cewa ya gaji da ita. Maganar ta kai kunnen mahaifinta Malam Siddiƙu a Tudun Wada, shi kuwa ba ya tauna magana sau biyu. Ya aiko cewa in Babbar Salla ta wuce 'yarsa tana nan, ita ba mai aure ba ita ba sakakkiya ba, a turo masa abarsa. Gambo kuwa duk duniya ba shi da abin da ya kai Sadiyatu. Yana sonta, kunya ce ta shaƙe shi.

Da ya rasa yadda zai yi, ya sami yayansa a zaure. Ina nan, na kawo wa Alhaji babbar riga. Gambo ya ja shi gefe ya ɗan buɗe kwat.

Alhaji ya leƙa, sannan ya tuntsire da dariya.

"Wanga ai hutu na! Arziki na yaf fara taɓa ka. Wa ag ga wanda yaka cin kaza kullum bai aje nama ba?"

"Yaya, ai naman wuri guda yaka taruwa."

"To kai za ka hwaɗa ma Allah inda za shi aje maka ƙiba? Tahi ka yi godiya."

Matar Alhaji, Hajiya Kande, ita ta fi kowa sanin ciwon tun kafin a gaya mata. Ta ce sammu ne, kuma ba sai an je nesa ba, wadda ke dafa masa abinci a tambaya. Ta ce yarinyar so take ta mallake shi ya zama tamkar 'yar'uwarta. Aka daina amsa gaisuwar Sadiyatu a tsakar gida. Aka kawo rubutu, ya sha. Aka kawo hayaƙi, ya shaƙa har kwat ɗin ta koma warin kilishi. Da aka ga ba sauƙi, Hajiya ta kawo shawarar da ta fi duka.

"Ƙarhi na babu gare shi. A ƙara mai romon wuya, sahe da marece."

Aka ƙara. Inci uku ya zama biyar.

Ranar da ta fi ba ni tausayi ita ce ranar da ya kawo min wani ƙyallen akoko, ya rufe ƙofar shagon da kansa. Ya daɗe yana kame-kame kafin ya ce in ɗinka masa abin da zai ɗaure wurin ya kwanta. Na ɗinka wa matan unguwa irinsa ba adadi, amma ban taɓa ɗinka wa mai gemu ba. Dariya ta taso min, na dubi fuskarsa, ta koma inda ta fito. Na ɗinka masa guda biyu, ban karɓi ko kwabo ba.

Saura kwana goma Salla, 'yar Alhaji ta fari, Mariyatu, ta zo hutu. Ma'aikaciyar jinya ce a Kaduna, kuma tun tana ƙarama ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta je gaida baffanta, ta gan shi cikin kwat yana zuba gumi. Washegari ta bi mota zuwa gidan kaji, ta tsaya a tsakiyar zakaru dubu ba ta ji cara ko ɗaya ba. Sai ta nemi kwalin ƙwayoyin. Da la'asar ta shigo shagona riƙe da kwalin, Gambo na biye da ita kamar wanda za a kai gaban alƙali.

"Baffa, in kana cin wuya, kana jin wani abu shina ƙaras-ƙaras a haƙori?"

"Guringuntsi? Ai shi na fi so."

Ta dafe kai. Ta ce ba guringuntsi ba ne, sauran ƙwayar ce da ba ta gama narkewa ba. Ta yi mana bayani dalla-dalla. Ta ce jikin namiji da na mace kowanne akwai sinadarin da ke tafiyar da shi, ƙwayar nan kuma kwaikwayon na mata ce aka haɗa, shi ya sa zakara ke manta shi zakara ne. Ta ce a ƙasashen da ake yin ta masu bincike sun daɗe da ganowa. An ga maza masu aiki a inda ake haɗa ta sun fito da nono. An ga dabbobin da ake kiwo da wuyan irin waɗannan kaji sun daina haihuwa. Can an hana sa wa kaji ita tun shekaru da dama, shi ya sa ta iso mana da araha.

"Ga shi nan an rubuta da jan baƙi, Baffa. A yanke kai da wuya a jefar."

Gambo ya juya a hankali ya dubi titi. A-kori-kurar Alhaji tana tsaye a ƙofar gida, ta juyo mana baya. Muka karanta rubutun tare, wannan karon da muryar da ta dace da shi.

"Shina warkewa?" Abin da ya iya tambaya ke nan.

Ta ce in ya daina ci, ƙarfinsa zai iya dawowa, kumburin zai ragu, amma ba ta yi masa alkawarin zai tafi duka ba. Haihuwa kuma sai likita ya duba, sauran na Allah ne.

Ba ta tsaya ba, ta wuce wurin ubanta. Ni kuwa na tuna ina da maɓallin da zan gyara wa Alhaji, na bi ta. Ya saurare ta yana kaɗa ƙafa.

"Kin gama? Wanga shi na illar boko. An kai ki ki koyi allura, kin dawo kina koya ma ubanki karatu."

"Baba, a daina sa ƙwayar, ko a riƙa binne wuyan."

"A binne nama? Almubazzaranci kika so in yi? Kuma wuya haƙƙin mai yanka na tun kakanni. So kika yi in tauye ma ƙanena haƙƙinai a ce na yi zalunci?"

"Baba, ka ga jikinai."

"Ƙaddara ta. Kowa da tashi. Ni wallahi tallahi ba komi cikin wuyan ga, kuma ko gaban wa ina maimaitawa."

Ya kuwa maimaita. Kwana biyu yana maimaitawa a zaure ga duk wanda ya shigo, har da wanda ya zo tambayar hanya.

Washegarin bayanin Mariyatu, Gambo ya yi abin da ya kasa yi wata tara. Shi ya ba ni labari daga baya. Ya shiga ɗaki da rana tsaka, ya sami Sadiyatu tana ninke kayanta a akwati. Ya cire kwat, ya cire taguwa, ya cire ta biyu, ya kwance ɗinkina. Ta dube shi, ta ƙara duba, sai ta fashe da dariya har ta zame daga bakin gado. Tana cikin dariyar sai kuka ya ƙwace mata.

"Malam, a kan wanga ka bar ni ina ta zargin kaina? Da ka nuna min ai da na ara maka nawa, ba sai ka je wurin tela ba."

Da ya gaya mata daga inda ciwon ya fito, sai ta dubi hannayenta.

"Ni nika dahwa maka. Da hannuna. Har ina ƙara maka yaji don ka ci da yawa."

Ta fitar da kayan daga akwati ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce gobe ya kawo mata kwanon wuya kamar kullum.

Washegari bayan azahar zauren Alhaji ya cika. Akwai Alhaji Maigandi, mai otal ɗin da ya fi kowa sayen kajinsa, akwai 'yan majalisar zauren, ina nan ni ma da maɓallin da har yanzu ban gama gyarawa ba. Alhaji Tambari ya gama rantsuwarsa ta ranar ke nan, yana tauna goro, sai ga Gambo da babban kwano. Tun kafin ya buɗe, ƙamshin citta da kanumfari ya riga shi shiga. Farfesun wuya ne, Sadiyatu ta zuba duk basirarta a ciki.

Gambo ya durƙusa ya ajiye a gaban yayansa.

"Yaya, shekara da watanni ina cin haƙƙin yanka ni kaɗai, ko tayi ban taɓa yi maka ba. Na ga rashin ladabi na. Yau na yahe maka nawa."

Alhaji ya dubi kwano kamar an ajiye masa kububuwa.

"Azumi nika yi."

Kowa ya dubi bakinsa, jajir da goro.

"Yanzu nid ɗauka. Na nahila."

"Bayan azahar, Alhaji?" in ji wani.

Alhaji ya harari ƙanensa. "Kai, Gambo, wuyanka ya isa yanka ko?"

"A'a, Yaya. Nawa dai ƙirji na yay yi."

Alhaji Maigandi bai san dawan garin ba, shi dai ƙamshi ya ji. Ya naɗe hannun riga ya ce tunda mai gida na azumi, baƙo ba ya yi. Ya yi bismilla, ya tsamo wuya mai tsoka, ya nufi baki da shi. Sai ji muka yi fau! Alhaji Tambari ya doke hannunsa, wuya ya yi sama ya faɗo a kan hular wani.

"Kak ka ci! Guba ta! Dillalin da bakinai yac ce min ko kare kar a ba!"

Ba wanda ya yi dariya, duk da ga romo yana bin hular mutum. Da bakinsa. A takarda ne wuya da wuya ke ruɗa mutum, a baki kuwa ko yaron goye ba ya ruɗewa. Ashe tun ranar farko Alhaji ya sani. Ya ga binne wuya asara ce, biyan mai yanka ma asara ce, sai ya haɗa asara biyu ya zuba a cikin ƙanensa.

Gambo bai ɗaga murya ba. Ya miƙe, ya cire kwat ɗin, ya ninke ta, ya ajiye kusa da kwanon.

"Ko kare," ya ce. Sannan ya fita.

Alhaji bai nemi gafara ba. Da yamma ya aiko masa da turmin shadda, Gambo ya mayar. Hajiya Kande ta ce ita dama tun farko ta ce ba sammu ba ne. Kafin Salla Gambo da Sadiyatu suka kama ɗaki a Unguwar Rogo, ya koma taya mahauta fiɗa a kasuwa. Malam Siddiƙu ya aiko a ji ko za a turo masa 'yarsa, ita da kanta ta amsa cewa tana ɗakin mijinta. Gemun ya dawo. Igiyata ta ce inci biyar ya koma biyu, daga nan ya tsaya cak. Haihuwa har yanzu shiru, duk wata sai su je asibiti su dawo suna ba juna haƙuri.

Ƙwayoyin kuwa ba a daina sawa ba, akwai sauran kwalaye kuma Alhaji ba ya son almubazzaranci. Motar tana nan tana zaga Sakkwato da gaskiya rubuce a bayanta.

Makon jiya da hantsi ina ɗinki sai na ga keke ya wuce da kwano ɗaure a baya. Wani Sule ne daga ƙauye, sabon mai yanka, mai 'ya'ya biyar, yana ta murmushi shi kaɗai don ya sami aikin da ake cin kaza kullum. Gambo yana zaune a shagona. Ya yi tsalle ya tare keken, ya jawo mutumin ciki. Ya yi masa bayani, Sule ya ce shi bai yarda da surutun mahassada ba, Alhaji mutumin kirki ne.

Gambo ya dube ni. Na tashi zan rufe ƙofa kamar yadda muka saba.

"Bar ta buɗe, Muntari," ya ce, ya fara ɓalle maɓallan taguwarsa.